Haƙƙin Mallaka: An Ɗaure wa Mai Sayar da Littafi Gindi, An Bar Mai Karatu da Roƙo

A ƙarshen shekarar 1826 Hugh Clapperton, manzon gwamnatin Birtaniya, ya iso Sakkwato a karo na biyu, kuma cikin tsarabar da ya kawo wa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello akwai littafin Uƙlidis na lissafin siffofi da kusurwoyi, a fassararsa ta Larabci. Clapperton ya rubuta a littafin tafiyarsa cewa wata safiya ya tarar da Bello a cikin gida da littafin a gabansa, har ya gaya masa cewa gidansu sun taɓa mallakar irinsa, wanda wani ɗan uwansu ya samo a Makka, amma gobara ta cinye shi. Mai karatu ya dubi tsawon hanyar da wancan kwafi na farko ya biyo. An rubuta littafin da Girkanci a Iskandariyya kimanin shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, aka fassara shi zuwa Larabci a Bagadaza zamanin Abbasiyawa, masu juyi suka yi ta kwafarsa da hannu ƙarni bayan ƙarni har ya kai Makka, daga can ya shiga gafakar wani alhaji ya iso bakin Gulbin Rima. Babu zango ɗaya a wannan doguwar tafiya da aka tsaya neman izinin wani, kuma babu zangon da aka goge sunan mai littafin.

Yau idan malami a Jami'ar Usmanu Danfodiyo ya so ya fassara wani littafin lissafi ko na kiwon lafiya na zamani zuwa Hausa, ya buga shi domin ɗaliban ungozoma ko malaman firamare, sai ya nemi izini a rubuce daga mai haƙƙin littafin, wanda galibi kamfani ne a Landan ko New York ko Amsterdam. Kamfanin yana iya yanka masa kuɗi da dala, yana iya ƙi, yana kuma iya yin shiru bai ko amsa wasiƙar ba, kuma a dokar Najeriya wannan iko nasa ba ya faɗuwa sai shekara 70 bayan rasuwar marubucin. Haka aka shirya abin tun daga tushe. Tsarin haƙƙin mallaka na duniya ya mai da haƙƙin mai sayar da littafi wajibi a kan kowace ƙasa, ya bar haƙƙin mai karatu a matsayin alfarma: ƙasa ta ga dama ta bayar, ta ga dama ta hana, idan kuma ta bayar da yawa a ja mata kunne. Wannan rashin daidaito shi ne abin da ya kamata Najeriya ta yaƙa a Janiba, inda ake ƙulla waɗannan dokoki, kuma babu garin da ya fi Sakkwato hujjar tsoma baki a cikin maganar.

Suna daban, kwafi daban

Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da ƙanensa Abdullahi da ɗansa Muhammadu Bello sun bar ɗaruruwan littattafai da waƙoƙi, alhali babu injin ɗab'i ko ɗaya a ƙasar Hausa a zamaninsu. Hanyar yaɗuwar rubutun sananniya ce. Ɗalibi zai ari littafi ya juya shi da alƙalami da tawada, ya karanta shi a gaban malami, malamin ya gyara masa kurakurai ya ba shi ijaza, a ƙarshen kwafin kuma a rubuta sunan mai littafin, sau da yawa har da na wanda ya juya. Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta mai da wasu waƙoƙin mahaifinta zuwa Hausa, ɗan uwanta Isa ya fassara wasu nata, jajis kuma suka ɗauki waƙoƙin a ka zuwa ga matan ƙauyuka. Akwai ma tahamisi, inda malami yake ɗaukar baitin wani ya ƙara masa ɗango uku, a san na wane ne asali, na wane ne ƙari.

Wannan al'ada ta raba abubuwa biyu da dokar zamani ta haɗa a buhu ɗaya. Na farko shi ne danganta aiki ga mai shi, kuma a nan malaman Sakkwato ba su da sassauci ko kaɗan, domin ilimin da ba a san silsilarsa ba ba a dogara da shi. Na biyu shi ne kwafa da fassarawa da koyarwa, waɗanda suka ɗauka aikin lada ne, ɓoye ilimi kuma abin zargi. Dokar da aka kawo daga Turai ta mai da na biyun haja, wadda marubuci yakan sayar wa kamfani da sa hannu ɗaya.

Babu mai hankalin da zai ce a koma zamanin juyi. A da kwafin littafi yakan ci makonni da takarda mai tsada, yau na'urar fotokwafi tana gama shi kafin a idar da sallar la'asar, marubuci kuma yana da iyali da zai ciyar. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a 1988, ta zartar da cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira haƙƙoƙi ne da shari'a take karewa. Saboda haka gardamar ba a kan ko marubuci yana da haƙƙi take ba. Tana kan iyakar haƙƙin, da tsawon ransa, da kuma wanda yake yanke hukunci a kan waɗannan biyun.

Su wa suka rubuta dokar?

Dokar haƙƙin mallaka ta farko ta zamani, wadda Majalisar Birtaniya ta kafa a 1710, ta ba marubuci shekara 14 kawai, da damar sabuntawa sau ɗaya idan yana raye, kuma sunanta ma ya nuna cewa an yi ta ne domin ƙarfafa neman ilimi. Yarjejeniya ce tsakanin marubuci da jama'a: a ba shi ɗan lokaci ya ci moriyar guminsa, daga nan littafin ya zama na kowa. A 1886 ƙasashe 10 suka sa hannu a Yarjejeniyar Bern a Suwizalan, cikinsu har da Birtaniya da Faransa da Jamus, wato manyan masu fitar da littattafai zuwa ƙetare, kuma yarjejeniyar ta ba su damar shigar da ƙasashen da suke mulka a ƙarƙashinta. Sakkwato ta faɗa hannun Turawa a watan Maris na 1903. Shekara 9 bayan haka, a 1912, aka shimfiɗa dokar haƙƙin mallaka ta Birtaniya ta 1911 a kan Najeriya. Ba a nemi shawarar malamin zaure ko ɗaya ba.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne yadda ƙasashen da suke wa'azin tsanani a yau suka yi lokacin da su ne masu buƙata. Dokar Amurka ta 1790 ta kare marubutan gida kaɗai, kuma har zuwa 1891 maɗaba'un New York da Philadelphia suna buga littattafan Ingila ba tare da biyan sisi ba, da sanin doka da yardarta. Charles Dickens ya je Amurka a 1842 ya yi ƙorafi a kan haka, jaridunsu suka yi masa ca. Amurka ba ta shiga Yarjejeniyar Bern ba sai 1989, bayan da ta zama babbar mai sayar da littafi da fim da waƙa a duniya. Ta ilimantar da jama'arta da littafi mai araha na tsawon ƙarni guda, sannan ta dawo tana koya wa wasu ladabi.

Ƙasashen da suka sami 'yancin kai sun gane wannan tun da wuri. Bayan taron Brazzaville na 1963, ƙasashen Afirka tare da Indiya suka matsa lamba har taron Stockholm na 1967 ya amince da wani ƙudiri na musamman domin ƙasashe masu tasowa, wanda ya ba su damar rage wa'adin haƙƙi zuwa shekara 25 bayan rasuwar marubuci da kuma sassauci mai faɗi a kan fassara da koyarwa. Kamfanonin ɗab'i, musamman na Birtaniya, suka tayar da jijiyar wuya, manyan ƙasashe suka ƙi tabbatar da shi, ƙudirin ya mutu. Abin da aka maye gurbinsa da shi a Paris a 1971 wani rataye ne da ya halatta lasisin tilas na fassara, amma da sharuɗɗan da suka shaƙe shi. Sai an jira shekara 3 bayan fitowar littafi, ko shekara 1 idan harshen da za a fassara zuwa gare shi ba a amfani da shi a ƙasashen da suka ci gaba. Sai an nuna cewa an nemi mai haƙƙi ya ƙi ko ba a same shi ba, sannan a ƙara jiran wasu watanni. Sai ƙasa ta sanar a hukumance cewa za ta yi amfani da ratayen, ta kuma sabunta sanarwar duk shekara 10. Bayan duk wannan, an hana fitar da kwafin zuwa wata ƙasa. Ma'anarsa ita ce littafin da aka fassara zuwa Hausa a Sakkwato ta wannan hanya ba zai tsallaka Illela ya shiga Birnin Ƙonni ba, garin da bai kai kilomita 100 daga Sakkwato ba, inda Hausar ɗaya ce, dangin ma ɗaya ne. Ba abin mamaki ba ne da aka shafe fiye da shekara 50 da ƙyar ake jin wanda ya ci moriyar wannan rataye.

Najeriya ta shiga Yarjejeniyar Bern a 1993. A shekarar da ta biyo baya aka sa hannu a yarjejeniyar TRIPS, wadda ta mai da haƙƙin mallaka sha'anin ciniki a ƙarƙashin Ƙungiyar Ciniki ta Duniya, ta yadda ƙasar da ta gaza kare haƙƙin kamfanonin waje za a iya kai ta ƙara, a ƙaƙaba wa kayanta haraji na ramuwa. Yarjejeniyar ta ɗora mafi ƙarancin wa'adi na shekara 50 bayan rasuwar marubuci, ta kuma ce duk wata togaciya da ƙasa za ta yi wa masu karatu sai ta tsallake sharuɗɗa uku: ta kasance a wasu keɓaɓɓun halaye, kada ta ci karo da cinikin da mai haƙƙi ya saba yi, kada kuma ta cutar da halattacciyar moriyarsa fiye da kima. Ga mai sayarwa akwai ƙasan da ba a sauka ƙasa da shi, ga mai karatu akwai rufin da ba a wuce shi. A duk Yarjejeniyar Bern, togaciya ɗaya tak aka wajabta wa ƙasashe, ita ce damar tsakuro 'yan jimloli daga littafi domin kafa hujja. Ɗakin karatu da aji da ɗakin adana tarihi duk an bar su ga ganin damar kowace gwamnati.

Abin da Sakkwato take biya

A fara da mujallun bincike. Gwamnati ce take biyan albashin malamin jami'a, shi ne yake yin binciken, ya rubuta maƙalar ba a biya shi ba, takwarorinsa su tantance ta ba a biya su ba, sannan ya sa hannu ya miƙa haƙƙin ga kamfanin mujallar, wanda zai dawo ya sayar wa ɗakin karatun jami'arsa da dala. Ribar kamfanin da ya mallaki Elsevier a wannan ɓangare ta daɗe tana haura kashi 30 cikin 100. Marubucin yana so a karanta shi kyauta, mai shiga tsakani ya ce sai an biya: rijiya ta bayar, guga ya hana. Maƙala ɗaya takan kai dala 30 zuwa 40 ga wanda jami'arsa ba ta biya kuɗin shekara ba. Tun da aka saki naira a watan Yuni na 2023, dala ta tashi daga kimanin naira 460 zuwa fiye da 1,500 a farkon 2024, wato maƙala ɗaya mai shafi 10 tana iya cin naira 45,000 zuwa 60,000, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake naira 70,000. Likitan da yake neman ƙwarewa a asibitin koyarwa na Sakkwato yana buƙatar maƙaloli da dama kafin ya rubuta babi ɗaya.

Za a ce ai akwai shirye-shiryen agaji irin su Research4Life, wanda ya faro da Hinari a 2002, inda kamfanoni suke buɗe mujallunsu kyauta ko da rangwame ga ƙasashe matalauta. Shirin ya yi amfani, amma kamfanin da ya bayar shi yake da ikon janyewa. A watan Janairun 2011 masu bincike a Bangladesh suka wayi gari an rufe musu dubban mujallu, sai da aka yi ta surutu a manyan mujallun likitanci kafin a mayar. Kayan aro ba ya rufe katara.

Sai tarihin Sakkwato kanta. Marigayi Waziri Junaidu ya buɗe ɗakin littattafansa ga masu bincike na gida da na waje, irin su Murray Last, wanda littafinsa kan Daular Sakkwato ya fito a Landan a 1967, da Jean Boyd, wadda tare da Beverly Mack suka tattara ayyukan Nana Asma'u aka buga a Jami'ar Jihar Michigan a 1997. Kundin John Hunwick na 1995, wanda ya jera malaman wannan yanki da rubuce-rubucensu da inda kwafinsu yake, kamfanin Brill na Leiden ne ya buga shi. Waɗannan masana sun yi aikin kirki, kuma babu laifi a kansu. Laifin yana kan tsarin da ya sa ilimi yake fita daga Sakkwato a matsayin amana, ya dawo a matsayin haja, duk wani bugu ko fassara da za a yi a gida kuma sai da yardar mai haƙƙi.

Akwai kuma tsawon wa'adi. Littafin tarihin rayuwar Sardauna Ahmadu Bello ya fito daga maɗaba'ar Jami'ar Cambridge a 1962, shi kuma an kashe shi a Janairun 1966. A Kenya da Afirka ta Kudu, inda wa'adin yake shekara 50, littafin ya zama mallakar kowa tun farkon 2017. A ƙasar da aka haife shi sai 2037. Abubakar Imam ya rasu a 1981, saboda haka Magana Jari Ce ba zai fita daga ƙangi ba sai 2052. Rubuce-rubucen Waziri Junaidu, wanda ya rasu a 1997, sai 2068. Babu marubucin da ƙarin shekara 20 bayan jikokinsa sun tsufa zai sa ya ƙara rubuta shafi ɗaya. Abin da ƙarin yake haifarwa shi ne tarin littattafan da suka ƙare a kasuwa, kamfani bai ga ribar sake bugawa ba, wani kuma ba shi da ikon taɓawa.

Na ƙarshe shi ne adanawa. Tsofaffin rubuce-rubucen ƙarni na 19 da ke Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu sun fita daga haƙƙin mallaka tuntuni. Matsalar tana ga kayan ƙarni na 20: kundayen digiri, ƙananan littattafan ajami, jaridu, hotuna, faya-fayan mawaƙa da na tafsiri, waɗanda da yawansu ba a ma san wanda ya gaji haƙƙinsu ba. Zafin da yake haura maki 40 da gara da ƙura ba sa jiran a gano magaji. Gadon daular kuma bai tsaya a kan iyakar da Turawa suka shata ba, yana Yamai da Tawa da Garwa. Ma'aikacin ɗakin karatu a Sakkwato da yake son aika kwafin kwamfuta ga takwaransa a Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai zai tarar cewa sassaucin da dokar Najeriya ta ba shi ya ƙare a bakin iyaka, daga can dokar Nijar ce take aiki. Babu majalisar ƙasa ɗaya da za ta iya warware wannan ita kaɗai, sai yarjejeniya ta duniya.

Marakesh ta nuna ana iyawa

Masu cewa ba zai yiwu a wajabta haƙƙin mai karatu a yarjejeniyar duniya ba, an riga an ƙaryata su. Ranar 27 ga Yunin 2013, a birnin Marakesh na Maroko, ƙasashen Hukumar Kula da Haƙƙin Mallakar Fasaha ta Duniya, WIPO, suka amince da yarjejeniyar da ta wajabta wa kowace ƙasa ta halatta mai da littattafai zuwa rubutun makafi ko sauti ba tare da neman izini ba, ta kuma halatta aika irin waɗannan kwafi daga ƙasa zuwa ƙasa. Kafin nan, a ƙiyasin Ƙungiyar Makafi ta Duniya, littattafan da makaho yake iya samu ba su kai kashi 10 cikin 100 na abin da ake bugawa ba. Yarjejeniyar ta fara aiki a Satumbar 2016, Najeriya ta tabbatar da ita a Oktobar 2017, kuma babu kamfanin ɗab'in da ya rufe saboda ita.

Tun 2010 rukunin ƙasashen Afirka a WIPO ya gabatar da daftarin yarjejeniya da ya haɗa naƙasassu da ɗakunan karatu da na adana tarihi da makarantu da cibiyoyin bincike. An ɗauki ɓangaren makafi, aka jingine sauran. A 2012 babban taron hukumar ya umarci kwamitinta na haƙƙin mallaka ya ci gaba da aiki a kan takardar doka da ta dace, a 2023 kwamitin ya amince da jadawalin aiki da Afirka ta gabatar, amma har yau ana kan taron ƙara wa juna sani da rahoton masana. Tarayyar Turai tana cewa dokokin da ake da su sun isa, Amurka kuma ta fi son a tsaya a kan manufofi da ƙa'idojin da ba sa ɗaure kowa. Sai dai lokacin da ake son ƙara wa masu haƙƙi ƙarfi, ba a tsaya a kan manufofi ba: an ƙulla yarjejeniyoyi biyu na intanet a 1996, an ƙulla ta Beijing a 2012, dukansu masu ɗauri.

Ƙasar da ta yi ƙoƙarin amfani da ɗan filin da aka bar mata kuma ta ga abin da ya biyo baya. Majalisar Afirka ta Kudu ta zartar da gyaran dokarta a 2019, da sassauci irin wanda Amurka take da shi a tata dokar. Ƙungiyar kamfanonin fim da waƙa da ɗab'i ta Amurka ta kai ƙara ga ofishin cinikin ƙasarsu, ofishin ya buɗe bincike a kan rangwamen harajin da kayan Afirka ta Kudu suke samu, a Yunin 2020 Shugaba Ramaphosa ya mai da ƙudirin majalisa. Sai da makafin ƙasar suka je Kotun Tsarin Mulki suka yi nasara a 2022 kafin su sami abin da Marakesh ta yi alkawari.

Hujjar masu adawa

Hujja mafi ƙarfi da ake kawowa daga gida take, kuma ta cancanci a saurare ta. Marubutan Hausa sun sha wuya a hannun masu satar fasaha. Littafi yakan fito yau, gobe a gan shi yana yawo a WhatsApp ko ana karanta shi a YouTube ba da sanin mai shi ba, kuma satar faifai tana cikin abin da ya karya kasuwar finafinan Kano. Wanda aka yi wa haka idan ya ji ana maganar sassauta doka, dole gabansa ya faɗi.

Amsar ita ce abubuwan biyu ba su haɗa hanya ba. Wanda ya buga littafin wani ya sayar ɓarawo ne a kowace doka, kuma babu daftarin da Afirka ta gabatar a Janiba da ya halatta masa. Abin da ake nema shi ne ɗakin karatu ya iya kwafar littafin da yake ruɓewa, malami ya iya raba wa ajinsa babi ɗaya, mai bincike ya iya karɓar maƙala daga ƙetaren iyaka. Kotun Delhi ta bambance waɗannan a 2016, a ƙarar da maɗaba'un Oxford da Cambridge da kamfanin Taylor & Francis suka shigar a kan wani shagon fotokwafi na Jami'ar Delhi, inda ta ce kwafin da aka yi domin koyarwa yana cikin abin da dokar Indiya ta halatta, kamfanonin kuma suka janye ƙarar a 2017. Bayan haka, matsalar marubucin Hausa ta rashin aiwatar da doka ce a kasuwar gida da rashin hanyar rarraba littafi, kuma wa'adin shekara 70 bai taɓa kama ɓarawo ko ɗaya ba. Shi kansa marubucin mai karatu ne kafin ya zama mai rubutu, da ruwan ciki akan ja na rijiya.

Tsananin da ya wuce kima ma yana rusa mutuncin dokar. Shafin Sci-Hub, wanda wata ɗaliba 'yar Kazakistan ta buɗe a 2011, yana raba miliyoyin maƙaloli ba bisa doka ba, kotun New York ta yanke masa tarar dala miliyan 15 a 2017, amma masu bincike a duk duniya ba su daina shigarsa ba. Dokar da ta mai da farfesa da likita masu laifi a kullum domin kawai su yi aikinsu, ita ce take koya wa ɗalibansu cewa haƙƙin mallaka abin wasa ne, marubucin gida kuma shi yake kwana a ciki.

Rabon gida a cikin laifin

Ba duka laifin yake Janiba ba. Babu yarjejeniyar da ta tilasta wa Najeriya shekara 70. Ita ta ɗora wa kanta a dokar soja ta 1988, ta kuma maimaita a sabuwar doka, alhali ƙasa ce da take sayen ilimi daga waje fiye da yadda take sayarwa. Majalisar Tarayya tana da ikon mai da wa'adin shekara 50 ba tare da saɓa wa Bern ko TRIPS ba, kuma ya kamata 'yan majalisar da suke wakiltar Sakkwato su zama masu gabatar da ƙudirin.

A wani ɓangaren kuma sabuwar dokar, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Maris na 2023, ta zo da alheri mai yawa. Ta faɗaɗa amfani na adalci domin bincike da nazari, ta ba ɗakunan karatu da na adana tarihi damar kwafa domin adanawa, ta shigar da tanadin Marakesh domin makafi. Amma haƙƙin da mai shi bai san da shi ba daidai yake da babu. Ya kamata Ɗakin Karatu na Abdullahi Fodiyo a Jami'ar Usmanu Danfodiyo, tare da Jami'ar Jihar Sakkwato da sauran manyan makarantun garin, su fitar da rubutacciyar ƙa'ida, da Hausa da Ingilishi, wadda za ta gaya wa malami da ɗalibi da mai shagon fotokwafi abin da doka ta halatta da inda ta tsaya. Hukumar Kula da Haƙƙin Mallaka ta Najeriya ita ma ta daina ganin aikinta kamen ɓarayi ne kawai, domin wayar da kan mai karatu a kan haƙƙinsa yana cikin dokar da aka ba ta riƙo.

Jami'o'i kuma su dubi ƙa'idojinsu na ƙarin girma, waɗanda suke fifita maƙalar da aka buga a mujallar waje mai kulle a kan wadda aka buga a gida kowa yana iya karantawa. Sakkwato tana da abin misali a hannu: mujallar likitancin dabbobi ta Jami'ar Usmanu Danfodiyo tana kan dandalin African Journals Online, inda mai bincike a Maraɗi ko Nairobi yake sauke ta ba tare da biyan kuɗi ba. Duk binciken da TETFund ta biya da kuɗin jama'a ya kamata a shardanta ajiye kwafinsa a rumbun intanet na jami'a, haka ma kundayen digiri da suke jibge a kan kanta. Najeriya mamba ce a UNESCO, wadda ta amince da shawarar buɗaɗɗen ilimin kimiyya a 2021, saboda haka babu sabon abu a cikin wannan buƙata.

A Janiba kuwa, abin da ake buƙata daga wakilan Najeriya shi ne su nemi a sa ranar taron ƙulla yarjejeniya mai ɗauri a kan ɗakunan karatu da ilimi da bincike, da tanadin tsallaka iyaka irin na Marakesh, kuma su sa fassara zuwa harsunan Afirka a sahun gaba, domin ratayen 1971 ya gaza. Kamfanonin ɗab'i da na fim suna da wakilai a zaman kwamitin, suna bin kowane saƙo da kowace waƙafi. Ƙungiyoyin malaman jami'a da na ma'aikatan ɗakin karatu da na marubutan Hausa suna da damar rubuta wa Ma'aikatar Shari'a ta Tarayya, wadda hukumar haƙƙin mallaka take ƙarƙashinta, su tambayi matsayin da Najeriya za ta ɗauka a zama na gaba, su kuma nemi a ba su amsa a rubuce. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma sai ya faɗa kafin a san da shi.